Sikeli a Bakin Fili

Shekara talatin da usur a bakina,
filin bayan Gwammaja ya san muryata
kamar yadda tanda ta san mai.
Dokata ɗaya ce, ko sabon yaro ya haddace ta:
in ana atisaye, ba a shan ruwa.

Haka na gada. Wanda ya koya mini ƙwallo
cewa yake ruwa dutse ne a ciki,
ƙishi kuwa shi ke dafa namiji.
Na karɓa, na ƙara gishiri, na raba wa 'ya'yan mutane.
Ban taɓa cewa wa ya auna ba,
ni dai nawa biyewa.

Wata Talata cikin bazara,
rana ta tsaya a ka kamar mai bin bashi.
Sagiru, siririn nan ɗan Kurna mai ƙafar hagu,
ya ce, "Koci, maƙogwarona."
Na ce saura zagaye biyu.
Bai cika ɗaya ba.
Har yau kunnena bai saki ƙarar ba, ƙarar faɗuwa.

Muka yi masa fifita da riguna har ya buɗe ido.
Na ce wa yara raki ne,
na ce wa uwarsa shawara ce ke damunsa.
Takalminsa ya kwana bakwai a shagona, aka aiko ƙaninsa.
Shi bai yi dawowa.

Sai bana, ga a-daidaita-sahu ta tsaya,
ga mutum da tabarau, da sikeli a hammata,
da wata abokiyar aiki, Hindatu, riƙe da littafi.
Ya durƙusa ya gaishe ni. Ƙafar hagun ce ta fara taɓa ƙasa.
Wai daga asibitin koyarwa suke, suna bincike a kan zufa.
Na ce zufa ma ta shiga makaranta?
Ya yi murmushi, bai tanka ba, ya shiga aunawa.

Kowane yaro ya hau kafin a fara, ya hau bayan an tashi.
Jazuli, da nake wa kirari da ingarma,
ya sauko da giɓin kilo biyu.
"Ba teɓa ya zubar ba, Koci,
ruwan jikinsa ne da gishirinsa, ga su can a riga.
Jini in ya rasa ruwa, zuciya ke biyan tara,
ƙafa ta yi nauyi, ido ya daina ganin abokin ba wa."

Na ce to, ashe ku ne masu gaskiya yanzu.
Hindatu ta ɗago daga rubutu:
"Baba, abin da muka rubuta bana
baɗi wata za ta zo ta ja masa jan biro.
Bambancin kawai, mu muna barin ƙofa a buɗe.
Kuma kar ka ce mun ce a ɗura musu randa,
kowane abu da iyakar shanyewa."

Na tambayi garin gwangwanin nan da yara ke tara kuɗi su saya.
Sagiru ya nuna mai fura a gindin dalbejiya,
ya ce su fara da ita, da wake, da barci kan lokaci.
Ya dubi gwiwata da ta kumbura,
ya ce zama ba zai warkar da ita ba, in riƙa takawa.

Ina ta jira ya ambaci Talatar nan.
Ya naɗe wayoyinsa, ya goge sikeli da hankici.
Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa.

Yanzu kullum jaka biyu nake saye daga kuɗin fansho.
Minti ashirin, in busa usur, in ce a zo a sha.
Yara na raɗa wai Koci ya tsufa, ya yi laushi.
Su faɗa.

Ran da ya zo kai mana sakamako,
na shirya magana tun daga gida, ta maƙale a wuya.
Na sa hannu a jaka, na miƙa masa leda ɗaya mai sanyi.
Ya dube ta, ya dube ni,
ya ciji gefen,
ya sha ruwa.